Kwatancen Gidan Da Aka Tashi

Jawabin da aka gabatar a zauren ɗalibai, a daren tattaunawar masu karatun kwamfuta



Sa'ad da aka ba mu zaɓin abin da za mu yi magana a kansa a daren yau, sai muka ga babu abin da ya fi dacewa kamar kuskuren da mu da kanmu muka tafka, tun da yake shi ne muka sani ciki da bai. Kuskure ne na layi ɗaya tak a cikin manhaja, amma saura ƙiris ya zubar da mutuncin wani dattijo a ƙauyenmu Ɗantutture, can yankin Dutsin-Ma da Kurfi. Waɗanda ke karatun kwamfuta za su gane shi tun ba mu yi nisa ba, wataƙila ma wasu su sunkuyar da kai domin sun taɓa yin irinsa. Waɗanda kuwa ke karatun tarihi ko Hausa ko aikin gona, muna roƙonsu su yi mana haƙuri, mun ɗaukar musu alkawarin ba za mu ambaci kalmar aji ba sai mun kawo mata kwatankwacinta daga gida.

Ga yadda abin ya faru. Gab da faɗuwar damina, magidanta goma sha biyu na unguwarmu suka haɗa kuɗi, kowa gwargwadon ƙarfinsa, aka je kasuwar Dutsin-Ma aka sayo takin zamani buhu 18, watau kamfa buhu 10 da yuriya buhu 8, kowane buhu kilo 50. Aka jibge su a zauren baffanmu, domin shi ne wanda kowa ya amince ya riƙe makulli. Sharaɗin shi ne kowane gida zai samu daidai da abin da ya zuba. Mu kuma a lokacin mun dawo hutu, ba mu daɗe da fara koyon harshen C ba, kanmu sai hayaƙi yake yi. Muka ce da dattawa ai wannan lissafi ya wuce a yi ta zane a ƙasa da tsinke, su bar mana, kwamfuta za ta yi shi kafin a ƙifta ido.

A harshen C, kamar sauran harsunan kwamfuta, ana rarraba aiki ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da sunanta. A aji muna ce mata fankishin, amma a daren yau bari mu kira ta ɗan aike, gama aikinta ke nan: ka ba ta saƙo, ta je ta yi abin da aka sa ta, ta komo maka da amsa. Muka rubuta ɗan aike guda, muka sa masa suna raba. Idan ka ba shi yawan kilo, sai ya lissafa kason kowane gida. Tun da gidajen goma sha biyu ne, amsarsa ba lamba ɗaya ba ce, lambobi goma sha biyu ne a jere, kafaɗa da kafaɗa. Wannan shi ne abin da ake kira arre, mu kuma za mu ce masa sahu, kamar sahun masallaci. Kada wani ya ɗauka baƙon abu ne. Duk wanda ya taɓa ganin hatimi ya ga sahu-sahu na lambobi, kowace a gidanta, kuma tun a 1732 wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kishnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake cika irin waɗannan gidaje har kowane layi ya ba da jimla ɗaya.

Abin da muka rubuta, in an taƙaita, shi ne wannan da ke kan allo:

int *raba(int kilo)
{
    int kaso[12];
    /* lissafin kowane gida */
    return kaso;
}

Da muka miƙa wa tafinta, watau manhajar da ke juya rubutunmu zuwa harshen na'ura, sai ya yi mana gargaɗi cewa muna mayar da adireshin abin da ke cikin ɗan aike. Amma gargaɗi ne kawai, bai hana aiki ba, mu kuwa a lokacin al'adarmu ita ce muddin abu ya tashi, to, an gama. Muka gwada. Lambar gida na farko ta fito daidai, sauran sha ɗayan kuwa sai shirme, wata sifili, wata miliyoyi, wata ma ƙasa da sifili. Maimakon mu tsaya mu tambayi dalili, sai muka shiga lalube. Can muka gano cewa idan muka kwafe lambobin zuwa wani wuri nan take, kafin mu buga su, komai yana fitowa daidai. Muka yi murna, muka ce mun yi maganin abin, alhali kuwa ciwon yana nan, zafin kawai muka danne.

Daga baya, wajen gyare-gyaren ƙarshe, sai muka ga zai fi kyaun gani mu aiki raba sau biyu a jere, na farko da kilo 500 na kamfa, na biyu da kilo 400 na yuriya, sa'an nan mu kwafe duka biyun. Muka yi haka, muka buga takarda biyu, ɗaya ta kamfa ɗaya ta yuriya. Babu shirme ko ɗaya, lambobi ne tsaf masu kama da gaskiya, wanda ya fi zuba kuɗi ya fi samu, wanda ya zuba kaɗan ya samu kaɗan. Muka kai wa baffa. Ranar rabo aka fara da kamfa, ana kiran suna ana awo, har aka sallami gida na goma sha biyu, sai ga buhu biyu cur a jingine a zaure ba mai su. Wuri ya yi tsit. Babu wanda ya furta komai, amma duk wanda ya san ƙauye ya san irin kallon da ake yi wa mai riƙe da makulli idan lissafin da ɗansa ya kawo ya bar masa rarar buhu biyu. Wani tsoho da bai taɓa zama a aji ba shi ya ce a karanto masa takardun biyu. Da ya ji, sai ya ce, "Yaro, ai abu ɗaya ka rubuta sau biyu." Haka ne kuwa. Takardar kamfa, kason yuriya ne a cikinta, jimlarta 400 maimakon 500.

To, me ya faru a cikin na'urar? Nan ne muke so mu ɗan daɗe.

Ma'adanar kwamfuta, wadda wasu ke kira ƙwaƙwalwarta, dogon layi ne na ƙananan gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar bayit ɗaya, kuma kowanne da lambarsa, kamar lambar gida a kan titi. A yawancin na'urorin da muke amfani da su, cikakkiyar lamba irin ta int tana cin bayit 4. Ke nan sahunmu na goma sha biyu ya ci bayit 48. Idan kason gida na farko ya zauna a gurbi na 1000, na biyu yana 1004, na uku yana 1008, har zuwa na ƙarshe a 1044. Ita wannan lamba 1000 ita ce adireshi, abin da ke riƙe da ita kuma shi ne foyinta, wanda za mu kira manuni. Manuni kwatance ne kurum. Idan mutum ya ce maka hatsinka yana rumfa ta uku a layin 'yan hatsi, bai ba ka hatsi ba, ya gaya maka inda za ka je ne.

Abin da ba mu fahimta ba a lokacin shi ne, a harshen C ba a mayar da sahu daga ɗan aike. Dokar harshen ce ta hana. Duk inda ka ambaci sunan sahu a irin wannan wuri, tafinta yakan juya shi ya zama adireshin gurbinsa na farko. Saboda haka sa'ad da muka ce a mayar da kaso, ba lambobi goma sha biyu aka miƙo mana ba, kwatance aka miƙo mana, watau 1000.

Wannan ba ganganci ba ne, yana da tarihi. Dennis Ritchie ya gina harshen C a ɗakunan bincike na Bell a Amurka wajen 1972, a kan harshen B na abokin aikinsa Ken Thompson, wanda shi ma ya samo asali daga BCPL na Martin Richards. A waɗancan harsuna biyu, sahu tun asali manuni ne da ke nuna farkon wani fili. Na'urar da suke aiki da ita, PDP-11 ta farko da suka samu a 1970, ma'adanarta duka-duka kilobayit 24 ce, abin da ko hoto ɗaya na wayar da ke aljihunku ba zai shiga ba. A irin wannan ƙunci, kwafe sahu sukutum duk lokacin da aka yi aike almubazzaranci ne. Ya fi sauƙi a miƙa kwatance. Da wannan harshe aka sake rubuta zuciyar Unix a 1973, littafin Kernighan da Ritchie ya fito a 1978, aka daidaita dokokin harshen a 1989, kuma wannan hali na sahu bai canja ba.

Kwatance ba laifi ba ne idan gidan yana nan. Tambayar ita ce, a ina kaso yake zaune, kuma har zuwa yaushe?

Duk abin da ɗan aike ya ƙirƙira don amfanin kansa, ana ajiye shi ne a wani sashe na ma'adana da ake kira sitak. Mu za mu ce masa jere, domin yana aiki ne kamar jeren kwanonin amarya: na ƙarshen ɗorawa shi ne na farkon saukewa, ba ka zare na ƙasa sai ka sauke na sama. Idan babban aiki ya aiki raba, sai a ɗora wa raba kwanonsa a sama, a ciki akwai kilo, da kaso, da kuma wani abu muhimmi da za mu komo kansa, watau adireshin inda zai koma idan ya gama. Idan raba ya aiki wani, a ɗora na wancan a kan nasa. Da zarar ya gama, sai a sauke. Dabarar tsohuwa ce. Alan Turing ya yi tunaninta a Ingila a tsakiyar shekarun 1940, Friedrich Bauer da Klaus Samelson kuma suka tsara ta a Munik ta Jamus a 1955. Kyaunta shi ne sauri, domin ɗorawa da saukewa ba su wuce a matsa alama ɗaya gaba ko baya ba.

A nan ne misalin kwano ya gaza, dole mu sake wani. Sa'ad da aka ce an sauke, ba a goge komai ba, alamar kawai aka matsar. Ku dubi allon ajinmu. Malamin ƙarfe takwas ya gama darasi ya fita, rubutunsa yana nan raɗau. Wanda ya makara ya leƙo ƙarfe tara da minti ɗaya zai kwafe shi daidai, ya tafi yana ganin ai kullum haka ake yi. Amma allon ba na wancan malami ba ne kuma. Da malamin ƙarfe tara ya shigo, a kansa zai rubuta nasa.

Da wannan misali duk abin da ya same mu ya fito fili. A gwajin farko, mun karanta lambar gida na farko kafin kowa ya shigo, shi ya sa ta yi daidai. Sa'an nan muka aiki printf ya buga ta, shi kuwa printf ɗan aike ne kamar kowa, yana bukatar wuri, aka ba shi daidai wurin da raba ya bari, ya yi rubutunsa a kai. Shirmen da muka gani tarkacen printf ne. Da muka koma kwafewa nan take, mun zama ɗalibin nan mai leƙe kafin malami na biyu ya iso. A karo na uku kuwa, malami na biyun shi ne raba da kansa. Ya komo wuri ɗaya, ya rubuta kason yuriya a daidai gurabe goma sha biyun da ya rubuta na kamfa, ya miƙo mana kwatance iri ɗaya. Muna riƙe da kwatance biyu, ashe duk gida ɗaya suke nunawa.

A ganinmu wannan na ukun shi ne abin tsoro. Shirme yana tona kansa, kowa ya ga miliyoyin kilo ya san akwai matsala. Manhajar da ta faɗi warwas ita ma ta yi maka alheri. Amma lambar da ta yi kama da gaskiya, wa zai tuhume ta? Dokokin C suna kiran irin wannan hali da halin da ba a ƙayyade ba, ma'ana harshen ya wanke hannunsa, duk abin da ya faru kai ka jawo. Shi ya sa da muka komo makaranta muka gwada wannan rubutu a kwamfutar wani abokinmu mai sabon tafinta na GCC, nan take manhajar ta faɗi, domin shi sabon, in ya ga ana mayar da adireshin abin da ke kan jere kai tsaye, yakan musanya shi da sifili. Rubutu ɗaya, na'ura biyu, hali biyu. Saboda haka "ai na gwada ya yi" ba hujja ba ce a harshen C.

Yanzu sai magani. Hanyoyin da aka sani huɗu ne, amma ba darajarsu ɗaya ba.

Wadda ɗalibai suka fi rugawa gare ta ita ce a ƙara kalmar static a gaban kaso. Da an yi haka, sahun ya bar jere ya koma wani wuri na dindindin da ke nan tun daga tashin manhaja har ƙarshenta, gargaɗin tafinta kuma ya ɓace. Muna jan kunnenku a kan wannan, domin da ita muka bi, da buhu biyun nan sun sake yin rara. Wurin na dindindin ne, gaskiya, amma guda ɗaya ne tak, kamar rumbun gandu, duk wanda ya zuba sabo ya rufe na jiya. Aike na biyu zai taka na farko kamar dā, sai dai yanzu babu ko mai gargaɗi. Ba mu kaɗai wannan ya taɓa ci ba. Tsofaffin 'yan aike na C masu ba da lokaci, irin su ctime da localtime, haka aka gina su, har daga baya aka ƙirƙiro musu 'yan'uwa irin su localtime_r domin kauce wa wannan matsala.

Hanya ta biyu ita ce a nemi wuri a wani sashe na ma'adana da ake kira hip, wanda ya fi kama da filin gari da ake karɓar aronsa. Ka kira malloc ka ce kana son bayit 48, ya yanka maka, ya ba ka kwatance. Wannan wuri ba ya tashi don ɗan aike ya gama, yana nan har sai ka mayar da shi da kanka ta hanyar free. Kowane aike da filinsa, don haka kamfa da yuriya ba za su haɗu ba. Sai dai aro yana da ladabinsa. Dole ka duba ko an ba ka, domin in fili ya ƙare sifili za a miƙo maka. Dole kuma a san wanda zai mayar. In kowa ya zaci ɗan'uwansa zai mayar, filin yana nan a kame, manhajar da ke aiki dare da rana ta yi ta ci har ma'adana ta cika. In kuma ka mayar sa'an nan ka ci gaba da noma a ciki, ka koma gidan jiya, kwatance a hannu, gida na wani. Waɗanda ke shirin aikin kammala karatu a kan na'urar ban-ruwa, irin wadda za ta amfani masu noman rani a bakin madatsar Zobe, su lura da kyau: allon Arduino Uno da aka saba amfani da shi, ma'adanar aikinsa bayit 2048 ce kacal, jere da filin aro duk a ciki suke, suna tunkarar juna. Ba banza ba ƙa'idojin MISRA na masu ƙera motoci, waɗanda suka fara fitowa a Ingila a 1998, suka hana amfani da malloc, haka kuma dokoki goma da Gerard Holzmann na hukumar NASA ya wallafa a 2006 suka hana shi bayan manhaja ta gama tashi.

Ta uku gajeriya ce. C ya hana mayar da sahu tsirara, amma ya yarda a mayar da ƙunshi, watau struct, ko da kuwa akwai sahu a cikinsa. Ka naɗe lambobin sha biyu a ƙunshi, a kwafo maka su dungurungum. Ga ƙaramin abu mai tsayayyen girma irin namu, wannan hanya ce mai tsabta. Ga babban abu kuwa ba ta dace ba, domin jere ba shi da faɗi: a Windows yawanci megabayit 1 ne, a Linux megabayit 8, alhali sahun lambobi miliyan ɗaya kaɗai megabayit 4 ne.

Ta huɗu ita muka fi so, kuma ita muka bi daga ƙarshe. Duk wanda aka taɓa aika injin niƙa ya san ta: kai za ka zo da kwanonka. Mai inji ba ya ba ka garinka a kwanonsa, balle ka tafi da shi wani ya biyo ka. Wanda ya yi aiken shi zai tanadi sahu a nasa wurin, ya miƙa wa raba kwatancensa, raba ya cika ya komo. Kwano biyu muka kawo, ɗaya na kamfa ɗaya na yuriya, magana ta ƙare. Babu aro, babu mayarwa, kuma mai karatu yana gani da idonsa wanda ke da wurin.

Amma ita ma da sharaɗinta, sharaɗin da mantawa da shi ya taɓa girgiza duniya. Dole ka gaya wa mai inji girman kwanonka. Kwatance ba ya ɗauke da girma. A cikin raba, in ka tambayi sizeof girman abin da aka miƙo maka, girman manunin zai faɗa, bayit 8 a na'urorin zamani, ba 48 ba. Ɗan aiken da bai san girman kwano ba zai yi ta zuba har ya malala kan abin da ke maƙwabtaka da shi. Kun tuna mun ce a kan jere akwai adireshin komawa? Shi ne maƙwabcin. In wanda ke zubawar mugu ne, zai iya auna malalar yadda za ta rufe adireshin komawa da wani adireshi nasa, sai ɗan aike ya gama aiki ya nufi inda mugun ya tura shi.

Haka ta faru ranar 2 ga Nuwamba 1988. Robert Tappan Morris, ɗalibin babban digiri a Jami'ar Cornell, kusan sa'anmu a shekaru, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta a intanet. Ɗaya daga ƙofofin da ta bi ita ce fingerd, wata 'yar manhaja ta Unix da ta tanadi bayit 512 a kan jere, tana cika su da gets, ɗan aiken da ba ya tambayar girman kwano ko kaɗan. Morris ya aika mata bayit 536. An ƙiyasta cewa kwamfuta wajen 6,000 abin ya shafa, kusan ɗaya bisa goma na duk waɗanda ke haɗe a lokacin. A 1990 kotu ta same shi da laifi, ta yanke masa shekara uku ta zaman gyara hali a waje, da awa 400 na aikin al'umma, da tarar da ta ɗan haura dala 10,000. Abin mamaki, gets ya ci gaba da zama cikin dokokin C har sai a 2011 aka fitar da shi.

Kada mu ɗauka wannan tsohon labari ne. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaro da yake toshewa a kayansa kowace shekara daga matsalar ma'adana suke. A 2020 masu kula da Chromium, tushen burauzar Chrome, suka ba da adadi kusan iri ɗaya, suka kuma ce kusan rabin waɗannan amfani ne da wurin da aka riga aka mayar. Watau ciwon da ya kama mu a zauren baffa, danginsa ne ke kama ƙwararrun da ake biya maƙudan kuɗi.

Wani zai ce, to me ya sa ba za mu bar C mu koma Python ko Java ba, inda kake mayar da sahu hankali kwance? Tambaya ce mai kyau, kuma ga rabon taki, gaskiya da Python muka yi amfani da ba mu sha kunya ba. Waɗannan harsuna suna ajiye sahu a filin aro, su sa mai shara yana zagayawa yana kwashe abin da babu mai nuna shi, dabarar da John McCarthy ya ƙirƙiro wa harshen Lisp wajen 1959. Sai dai mai sharar yana cin wuri da lokaci. Kuma babban tafintan Python da C aka rubuta shi, haka zuciyar Linux da ke ƙarƙashin kowace wayar Android a wannan zaure. Akwai kuma harshen Rust, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 2015, aka fara buɗe masa ƙofa a zuciyar Linux a ƙarshen 2022. Shi ba ya gargaɗi a kan irin layin da muka rubuta, ƙin karɓa yake yi ƙememe, sai ka nuna masa mai wurin da tsawon ransa. Mun gwada shi, kuma mun lura wanda bai taɓa ƙonewa a C ba yakan ga kamar tsangwama ce kawai ake yi masa.

Ga waɗanda za su zauna da C a wannan zango, abin da muka koma yi ba shi da wuya. Mukan kunna wa tafinta -Wall da -Wextra, mu ƙara -Werror domin kowane gargaɗi ya zama shinge, ba shawara ba. Mukan kuma gwada da -fsanitize=address, kayan aikin da injiniyoyin Google suka fitar, wanda ke tsayar da manhaja a daidai inda ta taɓa wurin da ba nata ba, ya faɗi layin. Kafin mu rubuta alamar tauraro a gaban sunan ɗan aike kuma, mukan rubuta a samansa da Hausa wanda ke da wurin da kuma wanda zai mayar.

A zauren baffa kuwa, ranar ba kwamfuta ce ta ƙarasa rabon ba. Tsohon nan ya sa aka share ƙasa, aka ja layi goma sha biyu da tsinke, aka raba kilo 100 da suka rage, kowane gida aka ƙara masa rubu'in abin da ya riga ya karɓa. Baffa bai ce mana komai ba sai bayan sallar isha'i, sa'ad da ya tambaye mu ko a makarantar ba a koya mana haɗa jimla kafin a miƙa takarda.

Mun zo da rubutun nan duka biyu, na kuskuren da na gyaran, suna cikin kwamfutar da ke kan teburin baya, tare da tsohon tafintan da sabon. Wanda yake so ya gani da idonsa, sai ya tsaya bayan an tashi. In akwai tambaya muna saurare.